Kura da Shan Bugu: Shari'ar Timothy Evans a Ingila

Duk mai nazarin tarihin shari'a a Ingila ba zai rasa cin karo da sunan wani gida a birnin Landan ba, wato mai lamba 10 a Rillington Place. A benen wannan gida ne wani direba ɗan shekara 25, Timothy Evans, yake haya da matarsa Beryl da jaririyarsu Geraldine. A ƙasa kuwa akwai wani dattijo mai sanyin murya, John Christie, wanda ya taɓa aikin ɗan sanda lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ran 2 ga Disamba, 1949, 'yan sanda suka tsinci gawar Beryl da ta 'yarta a ɗakin wanki na bayan gida, an shaƙe su. Evans mutum ne da karatu bai ishe shi ba, ga saurin ruɗewa. Ya yi ta sauya magana, har da aka tsare shi ana ta tambaya cikin dare, ya sa hannu a takardar amsa laifi. Daga baya ya janye, ya ce Christie ne ya kashe su.

To, wa zai saurare shi? Da aka zauna shari'a a kotun Old Bailey cikin Janairun 1950, Christie ɗin nan shi ne babban mai ba da shaida. Aka dubi natsuwarsa, aka dubi kame-kamen Evans, sai aka gaskata tsohon ɗan sanda, ko da yake an faɗa wa kotu an sha ɗaure shi. Kwana 3 aka yi ana shari'a, mutane 12 masu yanke hukunci suka gama shawara cikin minti 40. Ran 9 ga Maris, 1950, aka rataye Evans a kurkukun Pentonville.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A Maris na 1953 wani ɗan haya ya ɓanɓare takardar bango a madafar Christie, sai ga gawar mata 3. Aka tono matar Christie a ƙarƙashin daɓen katako, aka kuma haƙo ƙasusuwan wasu mata 2 a lambu. Ashe waɗannan biyun suna nan binne tun 1943 da 1944, 'yan sandan da suka binciki lambun a 1949 ba su gan su ba. Christie ya amsa cewa shi ya kashe Beryl, aka rataye shi ran 15 ga Yuli, 1953.

Duk da haka hukuma ta ƙi yarda ta yi kuskure. Binciken farko da gwamnati ta sa aka yi a 1953 ya ce hukuncin daidai ne. Sai a 1966, bayan binciken Mai Shari'a Brabin, Sarauniya ta yi wa Evans afuwa, shekara 16 bayan mutuwarsa. Wannan shi ne ihu bayan hari. Shari'ar tana cikin dalilan da suka sa majalisar Birtaniya ta dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai a 1965, ta tabbatar da sokewar a 1969.

Abin lura ga ɗalibai, musamman masu karatun lauya, shi ne an bi dukkan ƙa'idojin kotu a shari'ar nan, akwai alƙali, akwai lauyan kariya, an ma ɗaukaka ƙara. Abin da aka rasa shi ne shakka. Tunda aka sami takardar amsa laifi, sai kowa ya daina tambaya, alhali mai laifin yana tsaye a gabansu yana rantsuwa.