Shin Gilashin Tsohuwar Kyamara Zai Hau Ta Zamani?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Haɗeja, wanda ke ɗaukar hoto a bikin aure da na suna bayan noman shinkafa, ya rubuto cewa ya gaji kyamara ƙirar Zenit da gilasanta biyu daga wajen mahaifinsa, ga shi kuma fim ya yi wuyar samu. Yana tambaya, shin gilasan za su hau kyamarar dijital, ko kuwa ya sallama wa 'yan gwangwan?

AMSA: To malam, kada ka yi garajen sayarwa. Fim ne kasuwarsa ta mutu, amma shi gilashi aikinsa tara haske ne kawai, ba ruwansa da abin da ke bayansa. Inda gizo ke saƙa shi ne bakin da ake ɗaura shi a jikin kyamara, kuma wannan sai mun ɗan koma tarihi.

A shekarar 1949 aka fito da wata kyamara mai suna Contax S a birnin Dresden na Jamus ta Gabas, wadda ake murɗa mata gilashi kamar yadda ake murɗa murfin kwalba. Faɗin bakin milimita 42 ne, shi ya sa ake ce masa M42. Kamfanoni da dama suka kwaikwaya: Praktica a Jamus, Pentax a Japan, sannan Zenit ta Tarayyar Sobiyat, wadda arharta da ƙarfin jikinta suka sa ta bazu a hannun masu hoto. Yawancin Zenit na zuwa da gilashi mai suna Helios 44, wanda yau masu hoto a Turai da Amurka ke nema saboda yadda yake fito da fuskar mutum, ya dushe abin da ke bayansa.

Sauran kamfanoni kuwa kowa ya yi nasa bakin, don kada mai saye ya kuɓuce masa. Nikon ta fito da nata a 1959, Pentax ta bar na murɗawa ta koma wani sabo a 1975, kuma dukansu biyu suka riƙe waɗannan bakuna har zuwa zamanin dijital. Canon ita ce ta juya wa nata baya: a 1987 ta watsar da bakin da ake kira FD ta kawo EF mai aiki da lantarki, waɗanda suka zuba kuɗinsu a tsofaffin gilasanta kuwa aka bar su da cizon yatsa.

Me ya hana a haɗa su? Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga fim, ba ƙari ba ragi. Na M42 yana son kusan milimita 45 da rabi, na Nikon 46 da rabi, na FD 42, bakin EF kuwa 44. In tazarar kyamara ta gaza wadda gilashi ke so, abin mai sauƙi ne, sai a sa zoben ƙarfe a tsakani, wato adafta, ya cike giɓin. In kuwa ta zarce, babu yadda za a tura gilashin ciki, abin da ke nesa ba zai fito tangaran ba. Don haka gilashin Zenit yana hawa Canon ta dijital da zobe kawai, amma a kan Nikon mai madubi hoton nesa zai dushe, sai an sa adafta mai ƙarin gilashi, wanda ke rage kyan hoto.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne shekarar 2008, lokacin da Panasonic ta fito da kyamarar da ba ta da madubi a ciki. Da aka cire madubin sai tazarar ta ragu ƙwarai. Ta Sony, alal misali, milimita 18 ce kacal, saboda haka kusan duk wani tsohon gilashi yana samun wurin zama, har na FD ɗin nan da aka yi wa kallon gawa shekara ashirin.

Sai dai ka sani, komai da hannu za ka yi, saita hoto da buɗe ƙofar haske duka. A wurin biki ba damuwa, amarya na zaune. Amma ranar hawan Sallah, dawakin Sarkin Haɗeja ba za su tsaya jiranka ba. Dabarar mutanen da ita ce a saita gilashi a kan wani wuri tun kafin mahayan su iso, suna takawa a danna. Sannan yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi, farantin da ke karɓar haskensu bai kai fim girma ba, don haka gilashi mai milimita 200 zai yi aiki kamar mai 300. Wannan riba ce ga mai son ɗaukar tsuntsayen da ke zuwa dausayin Baturiya daga Turai da sanyi, amma cikas ne ga mai son tara dangi duka a cikin ƙaramin zaure.

Masu tsohon gilashin Nikon na kafin 1977 su yi hattara, akwai kyamarorin dijital da zai iya lalata wa baki in an matsa masa.

Kafin ka kashe kuɗi a kan adafta, cire gilasan ka ɗaga su wajen haske ka leƙa. A ƙasar fadama irin taku, laimar damina takan sa funfuna ta tsiro a ciki kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe kuma tana cin fuskar gilashin, ba ta goguwa. In ka ga sun fita tas, daina ajiye su a ƙasan akwati cikin tsumma, nemi wuri busasshe mai iska. Da hunturu kuma, kada ka canja gilashi a fili cikin ƙura, shiga ɗaki tukuna.