Faɗaɗa Gasar Wasannin Manyan Makarantu: Wace Makaranta Ce Ke Ƙara Wa Gasa Daraja?

Gasar wasannin manyan makarantu tsari ne da jami'o'i da kwalejoji ke haɗuwa a ƙarƙashin inuwa guda domin ɗalibansu su riƙa karawa a ƙwallon ƙafa, guje-guje da tsalle-tsalle, ƙwallon kwando da sauransu. Duk ƙungiyar da ta daɗe tana shirya irin wannan gasa, wata rana sai ta fuskanci tambayar ko za ta karɓi sababbin makarantu, kuma idan za ta karɓa, wacce ce za ta ƙara mata ƙarfi, wacce ce za ta zame mata kaya. Amsar ta dogara ne ga inda kuɗin gasar ke fitowa. Shi ya sa ma'aunin da Amurka ke amfani da shi ba zai yi aiki a Bichi ko Dambatta ba, ko da yake akwai abin lura a cikinsa.

Yadda abin yake a Amurka

A Amurka jami'o'i sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da jadawalinsa da asusunsa. Daga cikin mafi daɗewa akwai Big Ten, wanda aka kafa a 1896. A da, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, ita ke riƙe da ikon sayar wa gidajen talabijin damar nuna wasannin ƙwallon ƙafa irin na Amurka. A 1984 Kotun Ƙolin ƙasar ta karɓe wannan iko daga hannunta a shari'ar da Jami'ar Oklahoma da ta Jojiya suka kai, sai kowane rukuni ya samu damar yin cinikinsa da kansa. Daga nan ne shigar da sabuwar makaranta ya zama lissafin kasuwa tsantsa.

Lissafin ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa yin haɗin gwiwar jari a Kantin Kwari ko Dawanau. Rukunin yana karɓar kuɗi a dunƙule daga gidajen talabijin, sannan ya raba wa mambobinsa. Sabon shiga zai ɗauki kaso. Idan kuɗin da zuwansa ya jawo bai kai kason da zai ɗauka ba, to tsofaffin mambobi ne suka yi asara. Saboda haka ba a tambayar ko makarantar ta iya wasa kafin a tambayi mutum nawa ne za su kunna talabijin dominta. A 2014 Big Ten ya karɓi Rutgers da Maryland, ba don sun fi kowa cin kofi ba, sai don suna kusa da biranen New York da Washington, inda gidaje masu biyan kuɗin tashoshi suke da yawan gaske.

A 2022 Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da tashoshin Fox da CBS da NBC, wadda darajarta ta haura dala biliyan 7. A 2024 jami'o'i huɗu daga gaɓar yammacin ƙasar, wato USC da UCLA da Oregon da Washington, suka shigo, mambobinsa suka zama 18, sunan nan na goma ya zama tarihi kawai. A shekarar ce kuma Texas da Oklahoma suka koma rukunin SEC, ya zama mai makarantu 16. Rukunin Pac-12, wanda ya shafe fiye da shekara 100, ya wayi gari da makarantu biyu kacal. Wahalar kuwa ɗalibai ne suka ɗauke ta, domin ɗan wasa daga Los Angeles yanzu yakan yi tafiyar kusan kilomita 4,000 don buga wasa guda a New Jersey.

Tsarin Najeriya

A Najeriya ba a raba makarantu bisa ciniki ba, an raba su ne bisa irin takardar shaidar da suke bayarwa. Jami'o'i suna ƙarƙashin Ƙungiyar Wasannin Jami'o'in Najeriya, NUGA. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma suna da NICEGA.

An fara gasar NUGA a 1966 a Jami'ar Ibadan, shekara guda bayan da jami'ar ta karɓi baƙuncin wasannin jami'o'in Afirka ta Yamma. A lokacin jami'o'i 5 ne a ƙasar: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ita kaɗai ce daga Arewa. Benin ta biyo baya a 1970. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe wasu bakwai, ciki har da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kwalejin Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Jihohi suka fara kafa nasu daga 1980, masu zaman kansu kuma daga 1999. Yau jami'o'in ƙasar sun haura 250.

Ke nan faɗaɗar da aka samu a nan ba zaɓe ba ce. Ba wanda ya zauna ya auna ribar shigar wata jami'a kafin a buɗe mata ƙofa. Yawan jami'o'in ne ya tura ƙofar. Gasar da aka tsara wa makarantu biyar ta zama taron dubban ɗalibai da makaranta guda za ta saukar, ta ciyar, ta kuma samar musu filaye. Don rage cunkoso ne ake yin wasannin share fage a shiyya-shiyya kafin babban taro. Duk da haka gasar da ya kamata a riƙa yi duk bayan shekara biyu takan yi jinkiri: an yi ta a Ife a 2014, a Makurdi a 2017, sannan sai a Legas a 2022, a daidai lokacin da malaman jami'o'i ke yajin aikin da ya ɗauki wata 8. Jami'ar Fatakwal ta daɗe tana kan gaba a teburin lambobin yabo, kuma sirrinta ba ɓoyayye ba ne: tana da kayan wasa, tana kuma nemo 'yan wasa ta ba su gurbin karatu.

Yunƙurin da ya fi kama da na Amurka shi ne gasar ƙwallon ƙafa ta HiFL, wadda wani kamfani mai zaman kansa ya fara a 2018 tare da haɗin gwiwar NUGA, da jami'o'i 16 da tallafin kamfanoni. Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi ce ta ɗauki kofin farko. An ba kowace tawaga laƙabi irin na kasuwanci, kuma Jami'ar Bayero da ta Wudil suna cikin waɗanda suka taka leda a gasar. Amma ko a nan, kuɗin bai kai matsayin da makaranta za ta bar wani rukuni ta koma wani dominsa ba.

Kano da ƙasar nomanta ta arewa

Jihar Kano ta samu nata rabon na wannan yawaita. Bayan Bayero, an kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil a 2001, wadda daga baya aka sa mata sunan Aliko Ɗangote, sai Jami'ar Northwest a 2012, sai jerin masu zaman kansu irin su Skyline da Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila. Mafi yawansu a cikin birni suke ko ta kudu da gabashinsa.

Arewacin jihar kuwa, wato ƙasashen Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa, Minjibir da Dawakin Tofa, kwalejoji ne suka fi tashe. A Bichi, kan hanyar Katsina, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha. A Dambatta, kan hanyar Daura, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako. Da an wuce Dambatta kaɗan aka shiga Jigawa, sai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure. Duk cikinsu babu wadda ta wuce tafiyar awa ɗaya ko biyu a mota daga 'yar'uwarta ko daga Kano. Sai dai tsarin ƙasa ya raba su: ɗalibin Bichi NICEGA zai nufa, na Kazaure NIPOGA, na Bayero NUGA. Maƙwabta ne da gasar ƙasa ba ta haɗa su a fili ɗaya, alhali kowannensu na iya shafe kusan kilomita 1,000 zuwa Legas don ya kara da wanda bai taɓa jin sunansa ba.

Yanayin ƙasar kansa yana da tasiri a lissafin. Wannan yanki yana daga cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Ana noma kowace gona duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, da taimakon takin dabbobi da tokar gida, kuma gero da dawa da gyaɗa da wake sukan zo har bakin katangar gari. Fili a nan dukiya ce ta gado, ba a barinsa haka kawai. Samarin ƙauye kan buga ƙwallo ne a filin firamare, ko a gonar da aka girbe idan rani ya shiga, da zarar ruwa ya sauka kuma mai gona ya karɓi kayarsa. Saboda haka filin wasa na dindindin da ke cikin harabar kwaleji yana da darajar da mazaunin birni ba zai yi saurin ganewa ba. Sau da yawa ba na ɗalibai kaɗai ba ne, na gari ne baki ɗaya.

Haka kuma lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba hankalin gida yana gona, kuma ɗalibai da yawa 'ya'yan manoma ne da ake jiran hannunsu a noma. Bayan kaka ne ake samun sarari da ɗan kuɗi a aljihu, shi ya sa tun kaka da kakanni lokacin ne na dambe da kokawa. Jadawalin da ya faro daga Nuwamba ya ƙare kafin tsananin zafin bazara, aka kuma kauce wa watan azumi, shi ne zai samu 'yan wasa da 'yan kallo a lokaci guda.

Ma'aunin daraja

Tunda babu kuɗin talabijin da za a raba, darajar makaranta a gasar Najeriya tana bayyana ne a abin da ta rage wa sauran na wahala. Abu na farko shi ne iya saukar baƙi: fili mai kyau, ɗakunan kwana, ruwa, wuta da asibitin makaranta. A nan tsofaffin jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero ba su da sa'a a Arewa maso Yamma, kuma dukkansu sun taɓa karɓar baƙuncin NUGA. Idan babu irinsu a shiyya, gasar ba ta da masauki.

Na biyu shi ne kusanci, kuma a nan ne ake yawan raina ƙananan kwalejoji bisa kuskure. Babban abin da ke cin kuɗin sashen wasanni a makaranta shi ne mota da mai da abinci da kwana. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 wannan nauyi ya ƙaru matuƙa. Abokin karawar da za a je wurinsa da safe a dawo kafin magariba ya fi amfani ga horar da ɗan wasa fiye da babbar jami'ar da sai an yi shekara biyu ko biyar kafin a gamu da ita. Ɗan wasa da wasa yake gogewa, ba da jira ba.

Akwai kuma 'yan kallo. A birnin Kano wasan ɗalibai yana gogayya ne da Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da kuma gidajen kallon ƙwallon Turai da ke kowace unguwa. A garuruwa irin su Bichi da Dambatta gogayyar ba ta kai haka ba, kuma tawagar da ta ɗauki sunan gari tana iya tara jama'a daga ƙauyukan kewaye. Ɗan kasuwar da ke sayar da taki ko babur ko katin waya, waɗannan su ne abokan cinikinsa, kuma tallarsa a bakin filin za ta fi isa gare su fiye da allon da ya kafa a titin birni.

Kwalejojin ilimi suna da wata daraja ta daban da ba a cika lissafawa ba. Su ne ke yaye malaman firamare da na ƙaramar sakandare, ciki har da waɗanda za a damƙa wa darasin motsa jiki. Ɗalibin da ya saba da gasa mai tsari, da alƙalin wasa da rajista da jadawali, shi ne gobe zai shirya gasar gidaje a makarantar ƙauyensu. Jami'a mai zaman kanta da ke cikin gini guda a birni na iya biyan kuɗin rajista a kan lokaci, amma idan ba ta da fili kuma ɗalibanta ba su da yawa, abin da ta ƙara wa gasa suna ne a takarda da ƙarin baki a wurin masauki.

Wannan ma'auni yana da nasa haɗarin. Inda aka fara kallon kofi a matsayin talla ga makaranta, sai a fara shigo da 'yan wasan haya da ba ɗalibai ba, matsalar da masu shirya gasannin makarantu a Najeriya suka daɗe suna kokawa da ita, har ta sa tantance takardun 'yan wasa ya zama babban aiki kafin kowace gasa. A yankin da ƙungiyoyin unguwa ke cike da gwanayen da ba su samu gurbin karatu ba, jarabar ta fi ƙarfi. Hanyar da ta dace ita ce a ba gwanin gurbi na gaskiya idan ya cika sharuɗɗa, kamar yadda jami'o'in Amurka suka yi wa Hakeem Olajuwon a Houston da Tobi Amusan a El Paso ta Jihar Texas.

Shigar ɗalibai mata kuma tana buƙatar nata tanadin, na sutura da ta dace da al'adar yankin, da mata masu horarwa, da tafiyar da ba ta haɗa da kwana a wani gari ba. A wannan ma gasar maƙwabta ta fi sauƙin samun amincewar iyaye. Wasannin gargajiya irin su langa da kokawa, waɗanda tuni suke cikin Bikin Wasanni na Ƙasa da aka fara a 1973, ba sa buƙatar kayan da ya wuce fili da alƙali, kuma a nan ne ɗaliban da suka taso a karkarar Kano suka fi takwarorinsu na birni gogewa.