Gidan Ɗan Hausa da Tarihin Rubutun Boko

Maƙasudin wannan takarda shi ne jawo hankalin manazarta ga wani gidan ƙasa da ke unguwar Nasarawa a Kano, wato Gidan Ɗan Hausa. A nan Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, ya zauna. Shi ne ya ratso hamada daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya kuma ba da labarin tafiyar cikin littafinsa, Across the Sahara, a 1910.

A 1909 ya kafa makarantar gwamnati a Nasarawa, sa'an nan a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Ke nan, yaron da ke haɗa baƙi da wasali a firamaren Dutsin-Ma ko ta Kurfi yana da gado a wannan gida.

Sai dai ginin ƙasa ba ya jure sakaci. In aka bar yaɓe damina biyu ko uku, ruwa ya sami kafa, soro sai ya zube. Don haka wajibi ne hukuma da jami'o'inmu su riƙa kula da gyaransa, su kuma tanadi takardun tarihinsa domin 'yan baya.