Jar Allura: Rediyon Mota a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar Marsandi ko Fijo 504, irin waɗanda ke kwance a bayan garejin bakanike a Badariya ƙura ta lulluɓe su, zai ga wani ɗan akwati a tsakiyar gaban motar. Yana da abin murɗawa guda biyu. Na hagu shi ke kunnawa da ƙara murya, na dama shi ke jan wata jar allura a bayan gilashi mai lambobi. A ƙasan gilashin akwai maɓallai jere kamar haƙora. Idan rediyon ƙirar Jamus ce, Becker ko Blaupunkt, za a ga haruffa a kan maɓallan: L, M, K, U. Idan ta biyo ta Faransa ce, ta shigo mana ta Kamba ko Dole Kaina, sai a ga GO da PO. Da yawa daga cikinmu mun girma muna danna waɗannan haruffa ba tare da mun san farkon kalmomin wani harshe ba ne.

L dogon zango ke nan, M matsakaicin zango, K gajeren zango, U kuma abin da muke kira FM a yau. A ƙasar Kabi biyu daga cikinsu kusan ado ne. Dogon zango na Turawa ne da Arewacin Afirka, sai dai in dare ya tsala a tsinci Larabcin Aljeriya can ƙasa-ƙasa. U kuwa shiru take, domin Najeriya ba ta sami tashar FM ba sai a 1977, ita ma a Legas. Rayuwar direba gaba ɗaya tana tsakanin M da K.

Ita kanta na'urar ba ta girmi kakanninmu ba. A 1930 wani ɗan kasuwar Shikago mai suna Paul Galvin ya fitar da rediyon mota da ya sa wa suna Motorola, kuɗinta ya haura dala 100 a lokacin da ake samun sabuwar Ford a ƙasa da dala 600. Blaupunkt ya biyo baya a Jamus a 1932. Waɗannan na farko da bawul suke aiki, wasu ƙananan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki, waɗanda sai sun yi zafi kafin murya ta fito, ga shan batir kamar raƙumi a bakin rijiya. Daga tsakiyar shekarun 1950 taransista ta fara korar bawul, rediyo ta yi ƙanƙanta, ta daina jira, ta rage ci. Wannan sauyi ya zo daidai da lokacin da Arewa ta sami muryarta: BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963. Kafin nan abin da birane irin su Kano suka sani shi ne akwatin da ake jawo wa waya daga ofis, mai tasha ɗaya, ba zaɓi. Da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuɗin man fetur kuma ya shigo hannun ma'aikata da 'yan kasuwa, sai rediyon mota ta sauko daga motar sarki da ta Razdan ta shiga tashar mota.

Akwai wani dace da ya kamata mu tsaya a kansa. Maɓallin K na yawancin rediyon Jamus ba dukkan gajeren zango yake ɗauka ba, mita 49 kaɗai aka buɗe masa. Direbobin Jamus na wancan zamani na son wannan zango ne saboda Rediyon Luksambok, mai kiɗa da waƙa, da ke watsa shiri a lokacin a kan kilohaz 6090. To, a kan wannan lamba ɗin, 6090, Rediyon Kaduna ke watsa shirinta na Hausa a wancan lokaci. Injiniyan da ya zana maɓallin bai taɓa jin sunan Jega ko Bunza ba, amma aikinsa ya zauna wa direban Kabi kamar an auna. Tashoshin ƙetare kuwa sun fi zama a mita 16, 19, 25 da 31, inda K ba ta kaiwa. Shi ya sa za ka ga direba da rediyo a motarsa, ga kuma wata ƙarama ta hannu a aljihun ƙofa, ta sauraren London.

Birnin Kabi ta yi wa Kaduna nisa. A miƙe, Yamai ta fi kusa da mu. Saboda haka allurar direban nan tana da maƙwabta da yawa: Rediyon Rima daga Sakkwato, Muryar Sahel daga Nijar da Hausarta da Zabarmancinta, sai Kaduna a kan 594 a matsakaicin zango. Kamo kowace a cikinsu sana'a ce, kuma sana'ar kunne ce fiye da ta ido, don lambobin gilashin ba su cika faɗin gaskiya ba. Allura na iya nuna 600 alhali kana kan 594. Gwani yakan murɗa a hankali har ya wuce tashar, murya ta fara shaƙewa, sannan ya dawo baya kaɗan ya tsaya inda ta fi kauri. A cikin akwatin, murɗawar nan wasu 'yan sandunan baƙin ƙarfe take turawa cikin naɗaɗɗiyar waya, tana fito da su. An zaɓi wannan dabara ga mota ne domin ta fi jure girgiza, kuma duk wanda ya san hanyoyinmu kafin a zuba musu kwalta ya san girgiza ba kaɗan ba ce.

Maɓallan ma suna da sirrinsu, wanda yaran mota ke ɓoye wa juna. Idan ka kamo tasha yadda kake so, sai ka jawo maɓalli waje da ɗan ƙarfi, ka sake tura shi ciki har ya ce ƙas. Shi ke nan, ya riƙe. Gobe ko allura na can ƙarshen gilashi, kana dannawa za ta ruga ta koma wurin. Babu lantarki a cikin wannan tunawa, ƙarfe ne ke riƙe ƙarfe, don haka ko an cire batir wata guda tasha na nan inda aka bar ta. Yaron da ya kuskura ya taɓa wa maigidansa maɓallin Kaduna ya san abin da zai biyo baya.

Sai eriya. A gefen rediyon, ko a bayan abin murɗawa na dama, akwai wani ɗan ƙaramin sukuru da mutane da yawa ba su san da shi ba. Aikinsa daidaita rediyo da tsawon eriyar motar. Mai gyara yakan zaro eriya gaba ɗaya, ya nemi tasha mai rauni wajen 1400, ya juya sukurun kaɗan-kaɗan har muryar ta ɗago. Rediyo da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa wannan juyin kawai suke jira. Wani abin kuma, gindin eriya dole ya kama jikin mota sosai. Tsatsa ta shiga tsakani, sai shuu.

Babban abokin gabar rediyon mota shi ne motar kanta. Kowane filogi in ya ba da wuta, ƙaramar walƙiya ce, kuma matsakaicin zango na jin ta. Shi ne tas-tas-tas ɗin da ke ƙaruwa idan an taka totur. Altaneta kuma kuka take yi siriri, yana hawa yana sauka tare da inji. Maganinsu kwandansa da wayoyin filogi masu danne ƙara, amma bakanike ya fi damuwa da mota ta tashi, sau da yawa yakan cire su ya jefar. Shi ya sa labari mai nauyi ba a jin sa mota na tafiya. Direba zai gangara gefen hanya ya kashe inji. Nan kuma wani ciniki ne: in labarin ya yi tsawo batir ya yi sanyi, fasinja ne za su biya da turi.

Hanyar Birnin Kabi zuwa Argungu ta Ambursa, mai kamar kilomita 50, ta isa ta koya wa mutum halin iska. Da rana matsakaicin zango bin ƙasa yake yi, kuma ƙasa mai damshi irin fadamar Rima ta fi busasshen tudu kai shi nesa. Da rana ta faɗi sai sama ta canza hali. Wani sashe na can sama da ke shanye igiyar rediyo da rana yakan janye, na samansa ya riƙa maido ta ƙasa kamar madubi. Gilashin da ke da tasha biyu ko uku da azahar sai ya cika bayan isha'i, Larabci da Faransanci da harsunan da ba mu san sunansu ba suna hawan juna, Kaduna na zuwa tana komawa kamar numfashi. Idan aka ratsa ƙarƙashin manyan wayoyin wutar Kainji, komai ya nutse cikin gurnani na ɗan lokaci. Da damina kuwa rediyo kan riga ido ganin hadari: ƙarar walƙiya na fashewa a lasifika tun gabas na fari tas, direban da ya ɗauko buhunan shinkafa ya san lokacin jan tamfol ya yi.

Me ake nema da duk wannan wahala? Da farko nishaɗi. Zaɓi Sonka, da gaisuwar masoya daga garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba. Samanja, Duniya Budurwar Wawa, Jakar Magori. Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, da namu Sani Aliyu Ɗandawo. Dattijo a kujerar baya zai ce, “Malam direba, kamo muna Kaduna,” direba ya ce, “To Baba, bari mu hau tudu.” Mota ɗaya, murya ɗaya, kowa ya ji abin da kowa ya ji, gardama ta ɗauke su har Sakkwato.

Amma ranakun da suka ba akwatin nan daraja ba na kiɗa ba ne. A ranar 15 ga Janairu 1966 ta Rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa, bayan an kashe Sardauna. A ranar 13 ga Fabrairu 1976 rediyo ce ta fara shaida wa ƙasa cewa wani abu ya faru a Legas, ranar da aka harbe Janar Murtala a cikin motarsa. A ƙarshen Disamba 1983 ta nan aka ji an kifar da gwamnatin Shagari, ɗan wannan yanki. Jarida kan kwana a hanya kafin ta iso, wayar tarho sai ofis da gidajen manya. Motar da ta tsaya a ƙauye ranar kasuwa, ƙofofi a buɗe, mutane sun yi mata zobe, ita ce gidan jaridar wannan rana, direba kuma edita, don shi zai maimaita wa waɗanda suka makara. Ko sauyin hannun tuƙi daga hagu zuwa dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, rediyo ce ta yi ta nanata shi har ya zauna. Haka nan ranar 27 ga Agusta 1991, da Janar Babangida ya karanto sababbin jihohi, aka ji sunan Kebbi.

Abin da ya fara rage wa allura aiki kaset ne. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma da ya zauna a motocinmu direba ya sami abin da ba ya shuu, ba ya gudu da dare: waƙa, wa'azi, karatun Alƙur'ani. Bayan an buɗe ƙofar rediyo ga 'yan kasuwa a 1992, FM ta bazu, murya tas kamar mai maganar na gidan gaba. Ba mu raina wannan ba. Wanda ya sha tas-tas na filogi shekara ashirin ba zai yi kewar sa ba, kuma tashar gida ta fi sanin farashin taki a Kalgo fiye da Kaduna. Sai dai FM iyakarta inda dogon ƙarfenta ke hange. Ka yi tafiyar awa ɗaya ko biyu, ta fara tsattsagewa, ta ɗauke.

Motocin da ake kira Beljiyam, masu shigowa ta Kwatano, sun zo da wani abin dariya mai ciwo. Rediyonsu ba allura, lamba ce ke tsalle. A Afirka da Turai tashoshin matsakaicin zango suna zaune ne tara-tara, bisa tsarin da aka amince da shi a Janeba a 1975, ya fara aiki a 1978. A Amurka kuwa goma-goma ne. Motar da ta fito daga Amurka tana tsalle daga 590 zuwa 600, ta haye kan 594 ba ta taka ba. Gajeren zango kuwa yawancinsu ba su ma san da shi ba. Wasu masu ƙera motocin lantarki, irin su Tesla, sun cire matsakaicin zangon gaba ɗaya, saboda injinsu na cika shi da ƙara.

Muna iya cewa wayar hannu ta maye gurbin duk wannan, kuma a yawancin ranaku haka ne, ga shi a kanta ake karanta wannan rubutu. Amma a watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, rufewar ta shafi sassan Sakkwato da Katsina da Kaduna, mutane suka koma neman batir na rediyo. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulki, sojojin Nijar sun dakatar da RFI, a Disamba 2024 suka dakatar da BBC na wata 3. Abin da aka kashe shi ne FM, domin ita ce ke da ɗaki da makunni a cikin gari. Shirin RFI na gajeren zango, da ake harbowa daga Issoudun a tsakiyar Faransa, ya ci gaba da faɗowa a Dosso da Gaya kamar yadda yake faɗowa a Kangiwa, ga duk mai akwatin da zai iya kama shi.

Irin waɗannan akwatuna suna ƙarewa. Masu gyaran da suka san sukurun eriya sun tsufa, yaransu sun koma gyaran waya da haɗa sola. A Jamus masu tara tsofaffin motoci suna neman Becker ruwa a jallo, akwai masu sana'ar farfaɗo da ita kaɗai. A nan, idan aka fasa tsohuwar Fijo, rediyonta na bin sauran ƙarafa zuwa wurin 'yan gwangwan, a ɗora ta a sikeli a biya kuɗin kilo.