Takardun Lamuni: Yadda Amurkawa Ke Gyaran Makarantun Gwamnati

Jama'a, bari in fayyace muku yadda abin yake. A Amurka, idan makarantun gwamnati suka lalace, hukumar ilimin gunduma kan nemi izinin masu zaɓe ta ci bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni. A jihar Kalifoniya, tun 2000, sai kashi 55 cikin 100 sun amince. A 2020 mutanen Los Anjalas sun amince da dala biliyan 7. Kuɗin na gini da gyara ne, ban da albashin malamai. Amma fa ba kyauta ba ne: masu gidaje ke biya da ƙarin haraji, har da ruwa, shekara da shekaru. Abin da ya fi burge ni, doka ta tilasta kafa kwamitin 'yan gari mai bin diddigin kuɗin.