RUFIN ASIRIN DA KE KAI MUTUM KABARI

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin wani magani da ya kamata kowace uwa ta san sunansa, wato nalokson.

Tun 1832 wani masani a Faransa ya tace kodin daga ofiyam, aka riƙa maganin tari da shi. Tiramadol kuwa Jamusawa suka haɗa shi, ya shiga kasuwa a 1977 don rage raɗaɗin ciwo. Illarsu ɗaya ce, idan suka yi yawa a jiki sai su danne wurin da ke kula da numfashi a ƙwaƙwalwa, mutum ya yi ta barci har ya zarce.

A 1961 Jack Fishman da abokin aikinsa suka yi rajistar nalokson a Amurka, aka amince da shi a 1971. Aikinsa shi ne ya ture gubar daga inda ta maƙale, cikin minti biyu zuwa uku numfashi ya dawo. Abin tausayi, agolan Fishman ɗin ƙwaya ce ta yi ajalinsa, don a lokacin maganin na kulle a asibiti. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba iyalan masu shaye-shaye shi su ajiye.

Mu a nan Kano ba baƙin zancen ba ne. A 2017 Majalisar Dattawa ta ji cewa ana shanye kwalabe miliyan 3 na kodin kullum a Kano da Jigawa. A Mayun 2018, bayan binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Binciken ƙasa na 2018 kuma ya nuna cikin duk masu shaye-shaye huɗu, ɗaya mace ce.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne halinmu na rufa-rufa. Nan Nassarawa GRA katanga doguwa ce, ga maigadi a ƙofa, sai yarinya ta sheme a ɗaki uwa ta ce kada maƙwabta su ji, a ɗura mata madara ko manja, a jira gari ya waye. Haba Hajiya! Ɗurar nan ma shaƙe ta za ta yi.

Idan kin ga an kasa tashinta, numfashi ya ja baya ko tana wani irin minshari, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya sauya launi, to ba barci ba ne. Ki kwantar da ita ta gefe, in akwai nalokson a ba ta nan take, in ba ta farfaɗo cikin minti uku ba a ƙara. Sannan a garzaya asibiti, ga na Muhammad Abdullahi Wase nan kusa da mu. Ko ta farka kada a fasa, don ƙarfin maganin minti 30 zuwa 90 ne, gubar na iya dawowa, Tiramadol kuma kan kawo jijjiga. A faɗa wa likita gaskiyar abin da ta sha.

Faɗa da nasiha duk sai da rai ake yin su. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.