Salon karkarar Amurka a adon gida

Salon karkarar Amurka wani tsari ne na ƙawata cikin gida da ke kwaikwayon gidajen manoma da na ƙananan garuruwan Amurka na ƙarni na 18 da na 19. An san shi da kayan ɗaki na katako marasa yawan ado, da barguna na faci, da dardumomin tsumma, da tukwane da kwanduna waɗanda ake jerawa a fili maimakon a ɓoye su a kabad. Duk da sunansa, mutanen birni ne suka mai da shi salo. Manoman da suka ƙera kayan sun yi su ne don biyan buƙata, sai daga baya masu tara kayan tarihi da mujallu suka zaɓo su, suka haɗa su wuri guda, suka ba su suna.

Tarihi

Kayan da salon ya dogara a kansu sun fito ne daga al'ummomi daban-daban. Turawan Ingila da suka zauna a yankin arewa maso gabas sun zo da kujerar Windsor, mai mazauni na katako guda da sanduna sirara a baya, kuma a ƙarni na 18 birnin Philadelphia ya yi suna wajen ƙera ta. Jamusawan da suka sauka a Pennsylvania sun shahara da akwatunan kaya masu zanen furanni da tsuntsaye. Sai kuma 'yan Shaker, wata ƙungiyar addinin Kirista da Ann Lee ta jagoranta daga Ingila zuwa Amurka a shekarar 1774. Su sun ɗauki ado maras amfani a matsayin alfahari, don haka kujerunsu da teburansu ba su da sassaƙa ko kwalliya. Suna kafa wani dogon katako mai turaku a jikin bango, su rataye tufafi da fitilu har da kujeru a kai idan za a yi shara.

Har tsakiyar ƙarni na 19 ba a ganin waɗannan kaya da wata daraja. Baje kolin cikar Amurka shekara ɗari da samun 'yanci, wanda aka yi a Philadelphia a 1876, yana cikin abubuwan da suka tayar da sha'awar kayan kakanni. Sha'awar ta ƙaru yayin da jama'a ke barin gona: ƙidayar 1920 ita ce ta farko da ta nuna mazauna birane sun fi mazauna karkara yawa a ƙasar. A 1926 aka fara gyara tsohon garin Williamsburg na jihar Virginia da kuɗin John D. Rockefeller Jr., sannan Electra Havemeyer Webb ta kafa gidan tarihi na Shelburne a Vermont a 1947, inda ta tara barguna da kayan aikin gona da sauran sana'o'in hannu na talakawa.

Salon ya kai ga gidajen masu matsakaicin hali ne a shekarun 1970. A 1971 gidan adana zane-zane na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin barguna na faci a bango kamar yadda ake rataye zanen ƙwararru, abin da ya sauya yadda ake kallonsu. Bikin cika shekara 200 a 1976 ya ƙara zuga kasuwar, mujallar Country Living ta fara fitowa a 1978, kuma littafin Mary Emmerling mai suna American Country na 1980 ya yaɗa sunan salon. A shekarun 1980 abin ya yi yawa har ya zama abin zolaya, saboda ɗakunan girki da aka cika da hotunan agwagi masu ɗaure da shuɗin ƙyalle a wuya.

Wani sabon reshe, da ake kira salon gidan gona na zamani, ya bunƙasa ta hanyar shirin talabijin na Fixer Upper, wanda Chip da Joanna Gaines suka gabatar daga garin Waco na Texas tsakanin 2013 da 2018. Ya rage tarkace, ya fifita fari da baƙi da ruwan toka.

Kaya da launuka

Katako shi ne ginshiƙin salon, musamman na fayin, itacen nan mai ganye kamar allura, domin yana da araha da sauƙin aiki. Da yake ba shi da kyan gani kamar katako mai tsada, sai a shafa masa fenti. Fentin gargajiya ana haɗa shi ne da madara da farar ƙasa da garin launi, ba ya sheƙi, kuma yakan goge a wuraren da hannu ke yawan taɓawa. Daga nan launukan salon suka samo asali: ja mai duhu na tsatsar ƙarfe irin wanda ake shafa wa rumbunan gona, shuɗi mai dishi-dishi, rawaya, kore mai duhu da fari mai ruwan madara.

A ɗakin girki akwai kayan da kusan kowa ke dangantawa da salon. Ɗaya shi ne kabad ɗin ajiye abinci mai ƙofofin kwano da aka huhhuda da ƙusa, don iska ta shiga amma ƙuda da ɓera su kasa, tun kafin zuwan firiji. Akwai kabad ɗin Hoosier, wanda aka riƙa ƙerawa a jihar Indiana a farkon ƙarni na 20, mai ɗauke da ma'ajin fulawa da rariya da teburin kwaɓi a jiki ɗaya. Akwai kuma kwalbar Mason ta adana abinci, wadda John Landis Mason ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1858, yau kuwa ana zuba mata furanni ko cokula.

Bargon faci ya fi komai ɗaukar hankali. Hawa uku ne: saman da aka harhaɗa da ƙyallaye, auduga ko ulu a tsakiya, da yadin ƙasa, sai a bi su duka da ɗinki. A lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930 mata sun riƙa yin riguna da barguna da buhunan fulawa da na abincin kaji, har kamfanoni suka fara buga furanni a jikin buhunan don jawo masu saye. Dardumomin da ake kitsawa da tsofaffin tufafi su ma daga wannan tattali suka fito.

A gidan iyali na birni

Gidan gona yana da faɗi, da murhun itace, da baranda. Gidan bene na haya a birni sau da yawa ba shi da ko ɗaya daga ciki, kuma mai gida ba lallai ya yarda a taɓa bango ba. Saboda haka masu adon gida kan ba da shawarar a zaɓi manyan kaya kaɗan masu aiki, a bar sauran fili. Dogon teburin katako da benci a gefe ɗaya yana ɗaukar yara da yawa fiye da kujeru, kuma ana tura bencin ƙarƙashin tebur bayan cin abinci. Akwatin katako kan zama teburin falo da ma'ajin kayan wasa a lokaci guda. Katakon turaku na 'yan Shaker ya dace da ƙaramin zaure, inda jakunkunan makaranta da riguna ke buƙatar maratayi.

Abin da ya sa iyalai masu ƙananan yara ke son salon shi ne yana jure wahala. Tabo ko ƙarzuwa a jikin tebur ba ya ɓata shi, rigunan kujera na auduga ana cire su a wanke, dardumar tsumma kuma ba ta nuna datti da wuri. Ɗumin da ake yabon salon da shi yana zuwa ne daga haske da yadi fiye da yawan kaya: fitilun tebur biyu ko uku masu haske ruwan ɗorawa maimakon ƙwan lantarki guda mai ƙarfi a rufi, da labule maras kauri, da bargo a kan doguwar kujera. Kantoci marasa ƙofa suna da kyau a hoto, amma a ƙaramin ɗakin girki maiƙo da ƙura kan taru a kan tangaran, don haka sun fi dacewa da kwanukan da ake amfani da su kullum.

Ana samun kayan a shagunan gwanjo, da wuraren sayar da kayan gado, da kasuwannin tsofaffin kaya. Mafi shahara a cikinsu ita ce ta Brimfield a jihar Massachusetts, wadda ke ci sau uku a shekara, a watannin Mayu da Yuli da Satumba.

Haɗari ga yara

Tsohon fenti mai ɓarewa, wanda masu saye ke nema, yana iya ƙunsar dalma. Amurka ba ta hana amfani da fentin dalma a gidaje da kayan ɗaki ba sai a 1978, kuma ƙurarsa na lalata ƙwaƙwalwar yara ƙanana ko da kaɗan suka haɗiya. Gogar irin wannan kaya da sanfefa a cikin gida na watsa ƙurar ko'ina. Hukumomin lafiya na ba da shawarar a gwada fentin, kuma a nisanta kayan daga inda yara ke wasa ko cin abinci. Wasu tsofaffin tukwanen yumɓu masu sheƙi ma suna da dalma, don haka ado kawai ake yi da su.

Tsofaffin gadajen jarirai ba su cika ƙa'idojin yanzu ba. Tun 2011 an haramta sayar da masu gefen da ake saukewa. Dogayen kabad suna buƙatar a ɗaure su da bango don kada su rikito kan yaro mai hawa, sannan akwatunan da murfinsu ke kulle kansa a cire musu makullin.

Suka

Ana sukar salon da cewa yana ƙawata rayuwar da ba ta da sauƙi. A tsakiyar shekarun 1930 kusan gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wutar lantarki a Amurka, kuma matan da suka ɗinka bargunan sun yi ne bayan wunin aiki. Allunan katakon da ake jerawa a kwance a bango, alamar salon gidan gona na zamani, a tsofaffin gidajen Texas rufe su ake yi da yadi da takardar bango. Yawancin abin da ake sayarwa yau sabo ne daga masana'anta, an ƙarje shi da gangan don ya yi kama da tsoho. Ƙofar rumbu mai zamewa, da aka shigo da ita ɗakunan kwana da banɗakuna, ba ta tare sauti ko wari.

Wani sukar kuma ya shafi waɗanda aka manta da su. Hotunan mujallu sun daɗe suna nuna salon a matsayin gadon fararen fata kaɗai, alhali baƙaƙen fata na cikin masu sana'ar. David Drake, bawa ne maginin tukwane a Edgefield ta South Carolina, wanda ya riƙa rubuta sunansa da gajerun baitoci a jikin manyan randunansa a lokacin da doka ta hana koya wa bayi rubutu. Matan ƙauyen Gee's Bend na Alabama, waɗanda yawancinsu jikokin bayi ne, sun shafe shekaru masu yawa suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan aiki, amma sai a 2002 aka baje kolin aikinsu a manyan gidajen adana zane-zane na Houston da New York.